Yawon Ƙafa a Unguwar Yahudawan Toledo: Abin da Taken "Birnin Al'adu Uku" Yake Tsallakewa

Daga Madrid, babban birnin Sifaniya, jirgin ƙasa mai gudu yakan kai matafiyi Toledo cikin kimanin rabin sa'a. Gari ne da ke bisa dutse, kogin Tajo ya yi masa ƙawanya ta ɓangare uku, shi ne kuma wanda Larabawan Andalus suka sani da Ɗulaiɗula. Tun shekarar 1986 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya, masu tallata shi ga baƙi kuwa take guda suke yi masa, wato "birnin al'adu uku", suna nufin Musulmi da Kirista da Yahudawa. A ɓangaren kudu maso yammacin tsohon garin ne unguwar Yahudawa take, wadda ake kira Judería. An daddasa ƙananan tayil a daɓen lungunanta, wasu ɗauke da hoton fitila mai rassa bakwai, wasu da kalmar Ibrananci mai ma'anar "rai", domin baƙo ya bi su da ƙafa ya san bai fita daga unguwar ba. Abin da tayil ɗin ba su faɗa masa ba shi ne, al'ummar da ake tunawa da ita ta bar unguwar tun 1492, kuma ba da son ranta ta bar ta ba.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, yawon ƙafa a irin wannan unguwa hanya ce ta nazari wadda littafi ba ya maye gurbinta, amma da sharaɗin a karanta gine-ginen bisa jerin abin da ya same su. In aka bi taken 'yan talla kawai, sai yawon ya zama yabon zaman lafiyar da aka ƙawata, a kuma rufe ido daga yadda zaman ya ƙare. Batun ya shafi manazartan Hausa ta fuskar da ba kasafai ake lura da ita ba, za a zo kanta a gaba.

Mafi yawan masu yawon sukan fara ne da majami'ar da ake kira El Tránsito. Samuel ha-Levi, ma'ajin Sarki Pedro na Ɗaya na Kastila, shi ya gina ta wajen 1357. Daga waje ba ta da wani kwarjini, bulo ne da dutse kamar sauran gidajen unguwar. Sai an shiga ake ganin zaure guda mai tsawon kimanin mita 23, da rufin katako da aka sassaƙa, da bene na musamman inda mata suke tsayawa lokacin ibada, da bangon gabas wanda aka lulluɓe da zayyanar farar ƙasa tun daga tsakiya har sama. Duk wanda ya taɓa ganin hoton fadar Alhamra ta Garnaɗa zai gane salon nan take, domin kuwa ado ne irin na maginan Andalus. A jikin bangon akwai ayoyin Zabura da Ibrananci, da kalmomin fatan alheri da Larabci, da tambarin masarautar Kastila mai hoton ganuwa da zaki, da kuma rubutun da ke yabon Sarki Pedro da shi Samuel ɗin. Harsuna biyu da tambarin sarki Kirista a bango ɗaya: a nan ne ɗan jagora yakan tsaya ya ce ga al'adu uku sun haɗu.

Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba. Dokokin Kastila na wancan zamani sun hana Yahudawa gina sabuwar majami'a sai da izinin sarki, saboda haka yabon da ke bangon nan shaida ce ta cewa ginin ya tsaya ne bisa alfarmar mutum guda. Ba a yi shekara huɗu da kammala shi ba, a 1360, sarkin da aka yaba ya sa aka kama Samuel, aka ƙwace dukiyarsa, aka kai shi Ishbiliya inda ya mutu a hannun masu azabtarwa. Wanda ya san wannan, in ya sake ɗaga kai ya dubi rubutun, abin da zai gani shi ne halin bafaden da ya san ransa da na jama'arsa suna rataye ne da fara'ar sarki. Bayan korar 1492 aka miƙa ginin ga ƙungiyar mayaƙan coci ta Calatrava, ya zama coci, daga baya ya samu sunan da ake kiran sa da shi yanzu daga wani zane na rasuwar Maryam. Gidan tarihin Yahudawan Sifaniya da ke cikinsa a yau an kafa shi ne da doka a 1964, aka buɗe shi a 1971.

Taku kaɗan daga nan sai majami'a ta biyu, wadda ta girme ta da fiye da ƙarni guda. An gina ta a ƙarshen ƙarni na 12 ko farkon na 13, da fararen ginshiƙai masu kusurwa takwas, da bakuna masu siffar kofaton doki, an raba zauren gida biyar. Musulmin da ya shiga bai san tarihinta ba zai rantse masallaci ne, don kuwa salon ginin na zamanin daular Muwahhidun ne, alhali an gina ta ne a garin da ya fita daga hannun Musulmi tun 1085, lokacin da Alfonso na Shida ya karɓe shi. Sunanta a yau Santa María la Blanca. A farkon ƙarni na 15 aka ƙwace ta aka mayar da ita coci, abin da ake dangantawa da wa'azin Vicente Ferrer, bayan tarzomar 1391 wadda ta faro daga Ishbiliya ta bi garuruwan ƙasar tana kashe Yahudawa, tana tilasta wa saura shiga Kiristanci. Daga baya ginin ya zama mafakar mata masu tuba, ya zama barikin soja, ya zama ɗakin ajiya. Har yanzu mallakar cocin Katolika ne, duk da cewa shugabannin Yahudawan Sifaniya sun taɓa neman a mayar musu.

Ana ruwaito cewa Toledo tana da majami'u goma kafin 1391. Biyu suka rage, kuma dalilin da ya sa suka rage shi ne an ƙwace su an yi wani amfani da su. Waɗanda ba a ga amfaninsu ba sun rushe, an yi gidaje a kansu. Wannan ita ce ƙa'idar farko da ya kamata mai yawon ya riƙe: abin da idonsa yake gani zaɓin waɗanda suka yi korar ne, su suka yanke abin da zai tsaya. Gidan malamin makaranta, da rumfar mahauci, da tanderun gurasar unguwa, da ɗakin matalauciyar da ba ta taɓa ganin fada ba, duk ba su cikin taswirar. Tarihin da ake takawa ya karkata ga ma'aji da attajiri, kamar yadda tarihin da ake karantawa a littattafan sarauta yakan karkata ga sarakuna.

Amfanin ƙafa kuwa yana bayyana ne a tsakanin gini da gini. Titin da Santa María la Blanca take a kai sunansa Titin Sarakunan Katolika, wato Fernando da Isabel, waɗanda suka sa hannu a dokar kora a Garnaɗa ranar 31 ga Maris 1492, watanni uku bayan faɗuwar garin, suka ba Yahudawa wa'adi zuwa ƙarshen Yuli su shiga Kiristanci ko su fita. In aka miƙe da titin, cikin 'yan mintoci za a iso San Juan de los Reyes, katafaren gidan ruhubanawa da sarakunan biyu suka gina don tunawa da yaƙin Toro na 1476. A bangonsa na waje an rataye sarƙoƙin Kiristocin da aka 'yanto daga hannun Musulmi a yaƙe-yaƙen Garnaɗa, suna nan har yau. Daga ƙofar majami'ar Samuel zuwa ƙarƙashin sarƙoƙin nan bai kai tafiyar minti goma ba. Littafi zai iya cewa masarauta ta dasa alamar ikonta a bakin unguwar Yahudawa, mai karatu ya gyaɗa kai ya wuce. Wanda ya taka da kansa shi yake gane cewa mazauna unguwar sun shafe shekarunsu na ƙarshe suna kallon ginin yana tashi daga ƙofar gidajensu. Gani ya kori ji.

Ba za a musa cewa an yi cuɗanya ta haƙiƙa a Toledo ba, hasali ma ita ce ta ba garin suna a tarihin ilimi. A ƙarni na 12 Gerard na Cremona ya zauna a nan yana fassara littattafan Larabci zuwa Latin, ciki har da Almajisɗi na Baɗlimus. Wani malami Bayahude da majiyoyin Latin suka kira Avendauth ya yi aiki tare da limamin coci Gundissalinus wajen fassara littafin Ibn Sina a kan rai. A zamanin Alfonso na Goma, wanda ya yi mulki daga 1252 zuwa 1284, Yehuda ben Moshe da Isaac ibn Sid suka tsara jadawalin taurari da ya ɗauki sunan sarkin, bisa harsashin da masanin falaki Azzarƙali ya aza a garin tun zamanin Musulmi. Kiristocin Toledo da kansu sun ci gaba da rubuta takardun ciniki da na gado da Larabci kimanin shekara 200 bayan garin ya koma hannun Kastila. Américo Castro ne ya yayata kalmar convivencia, wato zaman tare, a littafinsa na 1948, Claudio Sánchez-Albornoz ya yi masa raddi mai zafi, muhawarar kuma ba ta mutu ba. David Nirenberg, a littafinsa na 1996, ya nuna cewa tashin hankali wani ɓangare ne na tsarin zaman kansa, ta hanyarsa ake tuna wa kowa matsayinsa. Wannan fahimta ta fi dacewa da abin da duwatsun Toledo suke nunawa. Garin da ya tara masu fassara shi ne kuma ya fitar, a 1449, da dokar farko da ta hana jikokin Yahudawan da suka shiga Kiristanci riƙe muƙami, wadda ta zama tushen aƙidar "tsarkin jini". A 1547 babban cocin garin ya kafa irin wannan doka ga ma'aikatansa, kotun binciken aƙida kuwa ta riga ta zauna a garin tun 1485.

Akwai wani abu a gidan tarihin da zai fi jan hankalin mai nazarin Hausa fiye da sauran baƙi, shi ne alaƙar harshe da haruffa. Yehuda Halevi ya rubuta littafinsa Kuzari da Larabci cikin haruffan Ibrananci, haka Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba, ya rubuta Dalalatul Ha'irin. Zuriyar waɗanda aka kora sun tafi da Sifaniyancinsu zuwa Istanbul da Salonika, suka yi ta rubuta shi da haruffan Ibrananci har ƙarni na 20. Musulmin da suka rage a Sifaniya kuma suka rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci, rubutun da ake kira aljamiado, daga kalmar al-ajamiyya, tushe ɗaya da kalmar Ajami. Ke nan abin da ake koyarwa a sassan Hausa a matsayin tarihin rubutun gida yana da 'yan'uwa a wata nahiya, inda al'umma take riƙe da haruffan addininta ko da harshen bakinta na kasuwa ne ko na maƙwabta. Abin mamaki ne yadda nazarin Ajami yake yawan kwatanta Hausa da Fulfulde da Sawahili, amma da wuya ya leƙa wannan ɓangare, alhali tambayoyin iri ɗaya ne: yadda ake ƙirƙiro alama ga sautin da haruffan aro ba su da shi, da kuma wanda ake nufi ya karanta da wanda ake nufi ya kasa.

Za a iya cewa, ina ruwan manazarcin Hausa da kukan Yahudawan Turai, ga abin da ke faruwa a Falasɗinu, ga kuma Musulmin Andalus da aka yi wa irin wannan kora ba a cika tunawa da su ba? Rabin ƙorafin yana da ƙarfi. An tilasta wa Musulmin Kastila barin addininsu a 1502, sannan tsakanin 1609 da 1614 aka kori zuriyarsu, kimanin mutum 300,000. Da majalisar Sifaniya ta yi dokar 2015 wadda ta ba zuriyar Yahudawan da aka kora damar neman zama 'yan ƙasa, ba ta haɗa da zuriyar waɗannan Musulmi ba, kuma babu wata gamsasshiyar hujja ta tarihi da ta raba korar biyu. A Toledo kanta, ƙaramin masallacin Babul Mardum da aka gina a 999 ya tsira ne ta hanyar da majami'un suka tsira, an mayar da shi coci, ana kiran sa Cristo de la Luz. Amma wannan dalili ne na tsawaita yawon ya haɗa da masallacin, domin hannun da ya rufe majami'a shi ya rufe shi. Ɗaya rabin ƙorafin kuwa bai tsaya ba. Mai ɗinkin takalma da aka fitar daga gidansa a Toledo a 1492 ba ya ɗaukar alhakin ƙasar da aka kafa a 1948, kuma manazarcin da yake zaɓen waɗanda zai tausaya wa a tarihi bisa labaran yau ya bar aikinsa ya shiga wani.

Alaƙar da aka ambata tun farko ta fi wannan kusa da gida. Wajen shekarar da aka kori Yahudawan Sifaniya, wata taƙaddama ta tashi a Tuwat, cikin Saharar Aljeriya ta yau, a kan majami'ar Yahudawan Tamanɗiɗ. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almaghili ya ce a rushe ta, alƙalin yankin Abdullahi Al'asnuni ya ce a bar ta. Aka aika wa malaman Tilimsan da Fas da Tunis, suka rabu, wasu kamar Attanasi da Assanusi suka goyi bayan Almaghili, wasu suka saɓa masa, Alwansharisi kuma ya tattara fatawoyin a cikin Almi'iyar. Aka rushe majami'ar, al'ummar ta watse. John Hunwick ya yi littafi sukutum a kan lamarin a 2006. Tambayar da aka yi jayayya a kanta, wato ko marasa rinjaye suna da haƙƙin gina wurin ibada ko riƙe shi a ƙasar da ba su da mulki, ita ce dai tambayar da dokar Kastila ta amsa da sharaɗin izinin sarki. Gaɓar teku biyu, addini biyu, mas'ala ɗaya.

Daga Tuwat ne Almaghili ya gangaro ta Ayar da Takedda zuwa Katsina da Kano, inda ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiharsa kan wajiban sarakuna, kafin ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu. Kowane ɗalibin tarihin ƙasar Hausa ya san wannan rabin labarin, ya san kuma Unguwar Sharifai da ake dangantawa da zuriyarsa. Rabin farko, wato abin da ya baro a Tuwat, shi ne akan taƙaita a jimla guda ko a tsallake. Faɗinsa ba ya rage darajar gudummawar Shehun ga tsarin mulki da shari'a a Kano, kuma ba baƙon ra'ayi ba ne da aka shigo da shi daga Turai, tunda malaman zamaninsa ne suka fara saɓa masa, a rubuce. Wanda ya ga laifin ɗan jagoran Toledo don ya tsaya a kan zayyana ya manta da 1360, bai kamata ya yi irin wannan tsallake ba idan ya zo koyar da tarihin Rumfa.

Ta fuskar hanya ma akwai abin ɗauka. Birnin Kano cike yake da sunayen da ke riƙe da tarihin baƙi: Dandalin Turawa, inda "Turawa" ke nufin Larabawan arewacin Afirka tun kafin kalmar ta koma kan mutanen Turai, da Alfindiki, daga kalmar Larabci ta masaukin fatake, da Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Ayagi. Ana rubuta kundaye a kan waɗannan sunaye daga ɗakin karatu, amma tazarar da ke tsakanin unguwa da Kasuwar Kurmi, ko tsakaninta da fada, tana faɗin matsayin mazaunanta ta hanyar da jerin sunaye ba ya faɗa. Ganuwar da za a auna wannan da ita kuwa tana ƙarewa a hannun masu ɗibar ƙasa da masu gini. Toledo ta fara adana abin da ya rage mata ne bayan ƙarnuka, lokacin da ba sauran wanda zai ce ga ɗakin kakansa. Unguwannin Kano suna da mutanensu a ciki har yanzu.

Hanyar tayil ta Toledo takan kai mai yawo ƙofar Cambrón, wadda a da ake kira Ƙofar Yahudawa, a nan mafi yawan baƙi suke juyawa su koma shagunan takubba da alewar almon. Maƙabartar al'ummar tana can waje, arewa da ganuwa, a tudun da ake kira Cerro de la Horca, kuma gari ya daɗe da hawa kanta. Wasu daga cikin duwatsun kaburburan an same su an mayar da su kwamin shayar da dabbobi, suna gidan tarihi yanzu da rubutunsu na Ibrananci. A 2008, ana aikin faɗaɗa wata makarantar sakandare a tudun, aka tono kaburbura kimanin ɗari. Ƙungiyoyin Yahudawa daga ƙasashen waje suka yi ƙorafin a daina taɓa matattu, masu binciken kufai suka ce aikinsu na ilimi ne kuma doka ta ba su dama, aka yi ta ja-in-ja har aka sake binne ƙasusuwan a wurin a 2009. Makarantar tana ɗauke da sunan Azarquiel, wato Azzarƙali, masanin falakin nan Musulmi wanda Yahudawa biyu suka ɗora a kan lissafinsa don sarki Kirista. Daga ƙofar Cambrón zuwa can tafiya ce ta ƙafa mai ɗan nisa, ta cikin sababbin unguwanni, kuma babu tayil ko ɗaya da ke nuna hanyar.